Hotunan Ikko a adakar kakanmu: wa zai taya ni gane shekarunsu?

Ɗan Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin firamare ne a Gusau, amma gidanmu na gado yana Ƙaura Namoda, ba nisa da tsohuwar tashar jirgi. Daminar bana ruwa ya ci bangon ɗakin kakarmu ta gabas, dole muka kwashe mata kaya kafin a yi yaɓe. Can ƙarƙashin gado muka jawo wata adakar ƙarfe wadda ni dai tun tasowata ban taɓa ganin an buɗe ta ba. Makullin ya ɓace tun ba yau ba, sai da ƙanena ya sa guduma. Tsohuwa tana zaune tana yi mana faɗa wai mun zo cin gado da ranta.

A ciki akwai takardun haraji na marigayi kakanmu, da kwabbai masu huji, da tasbaha, sai hotuna goma sha ɗaya a naɗe cikin ƙyallen alawayyo. Duk na Legas ne, ko Ikko kamar yadda Tsohuwa take cewa har gobe. Mun san ya yi shekara tara a can yana dako a bakin ruwa kafin ya dawo ya aure ta. Ya rasu a 1987 ina ɗan shekara shida, abin da nake tunawa kawai shi ne kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka ƙasa.

Bakwai daga ciki irin katin nan ne mai kauri da ake aikawa ta gidan waya, huɗu kuma hotuna ne na mai hoto. Akwai na wata doguwar gada, da wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa yana bin gefenta, kansa bai fi girman a-kori-kura ba. Akwai na wani titi a bakin ruwa, benaye jere, Turawa biyu da fararen kaya da hular kwano, wani yaro na riƙe wa ɗaya laima. Akwai na wani babban farin jirgin ruwa, mutane cike a ƙasa suna ɗaga hannu. Shi ne kaɗai mai kan sarki a baya, kan wani Bature ne marar gemu. Akwai shi kakan namu a ɗakin mai hoto, da kwat wadda hannunta ya fi nasa tsawo, da agogo, a bayansa an zana teku a jikin labule.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne wannan. Kati ne, an ɗauki wata kwata ta katako, ƙananan jirage a jingine, leburori sun fi ashirin a layi kowa da buhu a ka ko a kafaɗa, ba riga. A ƙasa an buga da Turanci cewa Legas ce, Kudancin Najeriya, ana lodin kaya. An sa alƙalami an yi ɗan gicciye a saman kan mutum na huɗu a layin. A baya kuma da ajami, na kai wa limamin unguwarmu ya karanta: "Ni ne nan. Ikko, bakin ruwa. A gaida Inna."

Fuskar mutumin ba ta fita sosai, buhu ya rufe rabinta. Tambayata: ta yaya zan gane shekarar da aka ɗauki waɗannan hotuna, kuma wace kwata ce wannan? Ina so in wanke na leburorin babba in rataye a falo, in gaya wa 'ya'yana ga kakan babanku yana neman halak ɗinsa. Shi marigayin yakan ce yana ɗan shekara tara ko goma jirgi ya fara shigowa Ƙaura, har ya sha bulala don ya bar awaki ya tafi kallo. Ita ce kawai alamar shekarunsa da muke da ita. Sannan wani ya ce in kai a manne su cikin leda da injin zafi don kada su lalace, ko hakan ya yi?

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikata ta karanta min abin da ka rubuta, ita ce kuma ka rubuta wanga, ni idanu sun yi nisa. Allah shi jiƙan kakanka. Ni ma na ci abincin dogo, ubana ma shi ya ci, shekara talatin da ɗaya na yi.

Zancen shekarun kakanka mai sauƙi ne. Dogon da ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa da Tsahe da Gusau, a 1929 ya iso Ƙaura, nan kuma anka tsaya, ba a wuce ba. To in yana ɗan goma lokacin, ka ga an haihe shi wajen 1919 ko 1920. Riƙe wanga lissahi, za ya yi maka amfani.

Ba don Allah anka kawo muna dogo ba, don gyaɗa da auduga da fata anka kawo shi. In kaka ta yi, tashar Ƙaura da ta Gusau ba wurin aje ƙahwa, buhuna har sama, ga 'yan kamasho ga sikeli, ga kantunan su John Holt da UAC. A cika tarago a rufe, sai Zariya, sai Kaduna, Minna, Zungeru, a ƙetare Kwara ta gadar Jaba, Ilori, Badun, har Ikko. Ubana ya ce da can kahin a gama gadar Jaba a 1916, a kan jirgin ruwa aka ɗora taragai a ƙetare da su. Yaran ƙasarmu da yawa haka sunka bi gyaɗarsu. Mutum shi ɗora buhu a Ƙaura, wata shekara ka ishe shi Apapa shina sauke irin buhun nan. Wasu rakiyar shanu sunka tahi, sunka ga wuri sunka zamna.

Gadar da ka gani ita ce gadar Kata, wadda ta haɗa Iddo da tsibirin Ikko. Iddo nan ne ƙarshen dogo, duk wanda ya taho daga Arewa nan aka zube shi, shi ɗauki ƙunshinsa shi taka gada da ƙahwa. Ɗan jirgin nan kuwa ni ban ishe shi ba, kakanka ma ba na jin ya ishe shi. Tsohin ma'aikata na Ebute Meta sun ba mu labarinsa: tun 1902 ya hwara ɗaukar mutane cikin gari, daga baya anka hana shi mutane anka bar shi da kwasar bahaya da dare, har 1933 anka tashe shi. Ka ga darajar duniya.

Leda kuwa kada ka kuskura. Takardar sallamata daga aiki na kai anka yi wa haka, yau rubutun ya bi leda, takarda ta zama fara.

Malama Ta Gwandu:

Sannu Malam, sannu da ƙoƙari. Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma irin waɗannan katuna na daɗe ina bin su, don su nake nuna wa ɗalibai in mun zo kan mulkin mallaka. Littafi yana ba su barci, hoto kuwa har gardama suke yi.

Bari in fara da mai daɗin. Kan sarkin nan marar gemu Joji na Shida ne, ya yi sarautar Ingila daga 1936 zuwa 1952. Ubansa Joji na Biyar da kakansa Edwad na Bakwai duk masu gemu ne, don haka ba a rikita su. Farin jirgin kuma, duba gabansa da gilashin ƙara girma ko sunan zai fito. Idan Aureol ne, na kamfanin Elder Dempster mai zirga-zirga tsakanin Libaful da Legas, to a 1951 ya fara aiki, ka ga katin ya faɗo daidai 1951 zuwa 1952 ko kaɗan bayan haka, tunda ba ranar da sarki ya mutu ake daina amfani da kansa ba. Wannan ya dace da zaman kakanka a can. Kuma a Apapa aka ɗauke shi.

Yanzu na leburorin. Malam ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Legas ta faɗa hannun Ingila a 1861, lokacin Sarki Dosunmu, shekara goma bayan sun yi wa garin ruwan igwa sun kori Kosoko. Ta daɗe tana zaman kanta a matsayin mallaka dabam. A 1906 aka haɗe ta da Kudancin Najeriya, a 1914 kuma Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Katin da aka buga wa "Legas, Kudancin Najeriya" galibi na tsakanin waɗannan shekaru takwas ne. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, don ko bayan haɗewar wani mai buga kati zai iya ci gaba da rubuta hakan. Amma ka ce kwatar ta katako ce, jiragen ƙanana. A wancan zamani manyan jirage ba sa iya shiga Legas saboda tudun yashi da ke bakin mashigar. A waje suke tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigila, wani kayan ma sai an kai shi wata tashar ruwa da ake kira Forkados a sauya masa jirgi. Sai da aka jibge duwatsu aka yi katangu cikin teku aka yashe mashigar, sannan a 1914 babban jirgin wasiƙu ya fara shigowa ciki. Kwatar Apapa mai zurfi kuwa sai 1926 aka gama ta, ita kuma ba ta katako ba ce, ga dogo har bakin jirgi, ga injinan ɗaga kaya. Mutumin da ya je dako bayan yaƙin Hitila, a irin wannan wuri zai yi aiki.

Haɗa da lissafin Baba. Alamu sun nuna an ɗauki hoton nan kafin a haifi kakanka. Buhunan ma ina zaton ba gyaɗa ba ce, ƙwarar manja ce, don gyaɗar Kano sai daga 1912 ta fara gangarowa da yawa bayan dogo ya isa can.

Ba wai na ce marigayi ya yi ƙarya ba ne. Katunan nan dubbai ake bugawa a Turai, su yi shekaru a kanti ana sayar da su kwabo-kwabo. Abin da nake nuna wa yara kullum shi ne, a ƙasan kati za ka ga sunan titi, sunan jirgi, sunan kamfani, sunan gwamna, wani lokaci har sunan mai hoton, irin su Holm da Da Costa waɗanda baƙaƙen fata ne masu ɗakin hoto a Legas. Mutum ashirin masu ɗauke da kayan kuwa kalma ɗaya ake ba su, 'yan ƙasa ko leburori. Ban taɓa ganin katin da wani daga cikin masu dako ya sa hannu ya ce ga ni ba, sai naka. Ni da zan samu irinsa, da shi zan buɗe darasi.

Ajiya: ka ɗauki gaba da bayan kowanne da na'urar kwafe hoto, ba da waya kawai ba. Ka raba su da farar takarda, ka sa a ambulan, nesa da danshi da gara. In biyu sun manne kada ka ɓamɓare. In za ka rubuta wani abu a baya, da fensir. Idan ka shiga Kaduna ka leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Gidan Arewa. Gidan adana takardu na Ingila ma ya zuba hotunan tsohon ofishin mulkin mallaka a intanet, akwai na Legas da yawa da za ka gwada da naka.

Mai Goro Agege:

Salam. Ni mutumin Jega ne, shekara ashirin da biyu ina Agege. Malam turo min hoton titin bakin ruwan nan ta waya in gwada maka. Marina ce, ba ko tantama. Sai dai in ka zo da katin a hannu kana neman wurin, wallahi sai ka yi kuka. An cike bakin ruwan da ƙasa an tura shi baya, inda jirage suke jingina a da, yanzu titi ne da gadar sama da wurin ajiye motoci, ga tashar sabon jirgin cikin gari da aka buɗe a 2023. Cocin nan mai hasumiya tana nan, da ita za ka kama hanya. Tsofaffin benayen kuwa ɗaiɗai suka rage. Akwai wani tsohon gida irin ginin 'yan Barazil kusa da dandalin Tinubu, ana ce masa Ilojo, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi, amma a 2016 aka wayi gari an rushe shi. Na wuce ta wurin a satin, ƙura ce kawai.

Kada a manta ba dako kaɗai ya kai namu bakin ruwa ba. Mu goro ya kai mu. Kakannina ta ƙasa suke zuwa Gwanja da jakuna, wata da watanni, su biyo ta Yawuri su sauke a Jega. Da jirgin ruwa ya samu, sai goro ya koma bin teku daga Ankara da Sakwandi na ƙasar Gana zuwa Legas, a ɗora a dogo sai Kano. Alhasan Ɗantata yana cikin na farko da suka bi wannan hanya, tun kafin ya shiga sayen gyaɗa. Abin da ya ɗaga Legas shi ya rage wa hanyarmu ƙafa. Tsohonmu har ya rasu in an ambaci jirgi sai ya yi tsaki.

Apapa kuwa har yau namu ne ke dako da gadi da tura baro. Da za ka je da kyamara gobe ka ɗauki ashirin a layi, ka tambayi mai kayan sunan na huɗu, bai sani ba.

Bamafare:

Ni fa ban gane wannan shauƙi ba. Kwana biyun nan kowa sai ya ɗora hoton zamanin Turawa a Facebook ya ce kai, da gari tsaf-tsaf. Tsaf ɗin na wa? Ikoyi a lokacin unguwar Turawa ce, baƙin mutum in ba kuku ko boyi ba me zai kai shi? Mai hoto inda aka share yake dasa kyamararsa. Mutanen da suka karkashe mu a Kwatarkwashi da Sakkwato a 1903, suka ƙone Satiru a 1906, su ne za mu rataye katinsu a falo? Malam ka rataye na kakanka mai kwat, sauran ka mayar adaka.

Malama Ta Gwandu:

Bamafare, rabin maganarka na karɓa. Kati talla ne, ba za ka ga annobar ɓeraye ta 1924 a ciki ba, ba za ka ga yajin aikin 1945 da ma'aikatan dogo da na kwata suka yi kwana arba'in da 'yan kai ba. Amma "su" da "mu" ɗin nan ba ta rabu haka sumul ba. Rundunar da wani Bature mai suna Gilo ya kafa a Legas a 1863 da sunan Hausawa aka san ta, da yawansu bayi ne da suka gudo, kuma da su aka ci Ijabu a 1892. Unguwar Obalande tushenta sojojin nan ne. Waɗanda suka riƙe bindiga a Kwatarkwashi ma, Turawan cikinsu ƙalilan ne. Daga baya ta kwatar Legas aka kwashi samarinmu zuwa yaƙin Bama a 1943 da 1944, Bama ta can gabas ba ta Borno ba, shi ya sa barikin Dodan da na Arakan suke ɗauke da sunayen wuraren can. In ka mayar da katin adaka, har da namu ka rufe.

Ɗan Ƙaura:

Na gode ƙwarai jama'a. Baba, Allah ya saka, na fasa ledar. Malama, ba zan ɓoye miki ba, ranar da na karanta amsarki raina ya ɓaci, har na rufe wayar. Na riga na yi ciniki da mai firam.

Ranar Juma'a na je Ƙaura. Bayan la'asar na zauna kusa da Tsohuwa na miƙa mata katin, ban ce komai ba, na ce dai ga mijinki na fari kafin ni. Ta kai shi kusa da ido, ta yi dariya har da tari. Ta ce wannan ai ba shi ba ne, kowa a gidan ya sani, uwarsa ma ta sani tun ranar da aka kawo. Ta ce dubi ƙafafun, wannan ƙato ne, shi kuwa kakanku ƙafarsa kamar sillen kara.

Yadda ya ba ta labari, ya yi wata bakwai a Ikko ba a ji ɗuriyarsa ba, har an fara cewa ruwa ya ci shi. Sai ya gamu da wani mutumin Moriki mai rakiyar shanu zai koma gida. Ba shi da kuɗin mai hoto, abin da ke aljihunsa bai kai sule ba, kuma jirgi da yamma zai tashi. Ya shiga wani kanti ya tarar da tsofaffin katuna a kwali, ya zaɓi wanda ake irin aikinsa, ya duba layin ya ga wanda ya ɗora buhu a kafaɗar dama kamar yadda yake yi, ya sa masa alama. Da ya dawo uwarsa ta ce masa, ka aiko min ƙaton wani. Ya ce Inna, aikin dai shi ne. Hoton kwat ɗin sai bayan shekara uku ya yi shi, kwat da agogon duk na mai hoton ne, a ƙofa ake tuɓewa.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mana ba. Ta ce wa ya tambaye ta?

Na sa gilashi a kan farin jirgin, haruffa uku na farko sun fito, A da U da R, sauran tsatsar adaka ta cinye. Mai Goro, na turo maka na Marina da na gadar, in ka samu sarari ka tsaya daidai inda kake zaton mai hoton ya tsaya ka ɗauko min, ko da gadar sama ce kawai za ta fito. Mai firam kuma na ce ya yi mai gilashi gaba da baya, don ajamin ya riƙa ganuwa. Ya ƙara min dubu biyu.